Zawo, Atuni da Haƙori: Sunayen Gudawar Yara a Hausa da Ƙwayoyin Cutar da ke Haddasa Ta, Tare da Misali Daga Orozo

1.0 Gabatarwa

Zawo yana daga cikin cututtukan da suka fi hallaka ƙananan yara a duniya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nuna cewa yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 440,000 a kowace shekara, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi ɗaukar kaso mai yawa na wannan asara. Likitoci sun daɗe da gano ƙwayoyin da suke haddasa shi, an kuma san maganinsa, maganin ma ba mai tsada ba ne. Sai dai kafin a kai yaro gaban likita, uwarsa ko kakarsa ta riga ta raɗa wa ciwon suna, kuma wannan sunan ne yake yanke hukuncin ko za a tafi asibiti, ko kemis, ko wurin mai magani, ko kuwa a zauna a gida a jira. A nan ne batun ya shafi masu nazarin harshe.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ƙwayoyin cutar da suke sa yara zawo, ta kuma auna su da sunayen da Hausa ta tanadar wa ciwon, domin a ga inda sunayen suka dace da binciken likitoci da inda suka saɓa. An ɗauki garin Orozo a matsayin misali saboda irin matsayin da Hausa take da shi a can.

2.0 Orozo da Matsayin Hausa a Cikinta

Orozo tana cikin Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye ta Abuja, kuma ɗaya ce daga mazaɓu 12 na ƙaramar hukumar. Tana kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta bi ta Karu da Jikwoyi da Kurudu ta nufi Karshi, dab da iyakar Jihar Nasarawa. Yankin ƙasar Gbagyi ce da Gwandara tun kafin a ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976. Bayan da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, tsadar haya a tsakiyar birni ta tura ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori zuwa garuruwan gefe, Orozo tana cikinsu.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan cikowa. Na farko, gine-gine sun riga famfo da magudanar ruwa isowa. Ruwan madatsar Usuma da yake wadata unguwannin tsakiyar birni bai game garuruwan gefe ba, don haka gidaje da yawa sun dogara da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki. Na biyu, jama'a masu harsuna daban-daban sun haɗu a wuri guda, Hausa kuwa ta zama ɗaya daga harsunan da suke haɗa su, tare da Ingilishi da Buroka. Gwandara dama shi ne harshen da ya fi kowane kusanci da Hausa. Saboda haka sau da yawa uwa Bagwariya da mai kemis Ibo da ma'aikaciyar jinya daga kudancin Kaduna da Hausa za su tattauna ciwon yaro, alhali ba wanda Hausa take harshensa na farko. A irin wannan hali, kalma ɗaya mai harshen damo tana iya karkatar da magani baki ɗaya.

3.0 Sunayen Ciwon a Hausa

Idan aka tattara kalmomin da Hausawa suke amfani da su, za a ga sun kasu gida biyu: masu bayyana kamannin ciwon, da masu danganta shi da wani mataki na rayuwar yaro.

3.1 Sunaye Masu Bayyana Kamanni

(1) zawo ko zawayi: bayan gida mai ruwa-ruwa da yake zuwa a kai a kai.
(2) gudawa ko gudun dawa: sakaya ce da aka gina a kan gaggawar zuwa bayan gari.
(3) atuni ko atini: bayan gida kaɗan-kaɗan mai jini da majina, tare da murɗar ciki da yunƙuri.
(4) amai da gudawa ko kwalara: annobar da take kama babba da yaro, ta kuma kayar da mutum cikin sa'o'i.

Abin lura a nan shi ne wannan rabe-rabe ya yi kusa ƙwarai da na likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ciwo zawo idan mutum ya yi bayan gida mai ruwa sau 3 ko fiye a yini guda, ta kuma raba shi uku: mai ruwa na ɗan lokaci, wanda kwalara take cikinsa, mai jini, da mai naci, wato wanda ya kai kwana 14 ko fiye. Ke nan (1) da (2) da (4) sun faɗa a kashi na farko, (3) kuma shi ne kashi na biyu. Kashi na uku ne kawai ba shi da keɓaɓɓiyar kalma, sai dai a ce zawo ya ƙi tsayawa. Bahaushe ya bambanta zawo da atuni tun kafin zuwan asibiti, kuma wannan bambanci, kamar yadda za a gani, shi ne mafi muhimmanci wajen zaɓen magani.

3.2 Sunaye Masu Danganta Ciwo da Matakin Rayuwa

(5) Haƙori yake yi.
(6) Ya sha ciki ne.
(7) Zawon yaye ne.

Waɗannan jumloli ba kamannin ciwo suke bayyanawa ba, dalilinsa suke faɗa. A (5) an ɗora laifin a kan tsirowar haƙori. A (6) an ɗora shi a kan nonon uwar da ta yi kwanika, wato ta sami ciki tana goyo. A (7) an ɗora shi a kan rabuwa da nono. Dukkansu suna ɗauke da ma'ana guda a ɓoye: ciwon daga jikin yaro ko na uwarsa ya taso, ba daga waje ya shigo ba, kuma mataki ne da kowane yaro zai bi ya wuce. Binciken likitoci ya nuna akasin haka.

4.0 Ƙwayoyin da ke Haddasa Zawo

Mafi yawan zawon yara ƙwayoyi ne masu rai suke kawo shi, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Hanyarsu kusan ɗaya ce: suna fita a bayan gidan mai ciwo, su koma bakin mai lafiya ta ruwan sha, ko abinci, ko yatsu, ko ƙuda, ko ƙasar da yaro yake rarrafe a kai. Tsakanin 2007 da 2011 an gudanar da wani babban bincike a ƙasashe 7, wato Gambiya da Mali da Kenya da Mozambik da Indiya da Bangaladash da Pakistan, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2013. Binciken ya gano cewa ƙwayoyi 4 ne suke da alhakin mafi yawan zawo mai tsanani a yara 'yan ƙasa da shekara 5: rota, da kirifto, da wani nau'in ikolai mai dafi, da shigela. Waɗannan huɗu sun fito daga dangi uku mabambanta.

4.1 Dangin Bairos

Bairos ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ba ta hayayyafa sai a cikin ƙwayar halittar wanda ta kama. Babba a wannan dangi ita ce rota. Ruth Bishop da abokan aikinta ne suka gano ta a 1973 a birnin Malbon na Ostareliya, a hanjin yara masu zawo. An samo sunan daga kalmar Latin mai nufin ƙafar keke, saboda siffarta. Tana lalata shimfiɗar ƙaramin hanji wadda take tsotse ruwa da abinci, sai ruwan ya wuce bai shiga jiki ba. Alamunta su ne amai da zazzaɓi da farko, sannan zawo mai ruwa na kwana 3 zuwa 8. Kusan babu yaron da yake kai shekara 5 bai gamu da ita ba, a ƙasashe masu arziki da matalauta, amma ta fi tsanani tsakanin wata 6 da shekara 2. A Afirka ta Yamma ta fi yawa a lokacin hunturu, ba da damina ba.

Idan aka ɗora wannan lokaci a kan jumla ta (5), asirin "zawon haƙori" zai tonu. Haƙorin farko yana tsirowa wajen wata 6. A daidai lokacin ne kariyar da jariri ya gado daga uwarsa take raguwa, a lokacin ne ake fara ba shi kunu ko koko, a lokacin ne yake fara rarrafe, kuma ƙaiƙayin dasashi yana sa shi cusa duk abin da ya samu a baki. Haƙori da zawo abokan tafiya ne, amma ɗaya bai haifi ɗaya ba. Lurar Bahaushe daidai ce, domin kuwa tare suke zuwa. Fassarar ce ta kauce. Haka abin yake a (6) da (7): nonon mai ciki ba guba ba ne, amma yaye na gaggawa yana raba yaro da kariyar da yake samu a nono, ya mayar da shi ga kwano da ruwan da ba a tafasa ba.

Saboda rota tana jure zama a kan hannu da kaya, gyaran ruwa kaɗai ba ya kawar da ita, sai an haɗa da rigakafi. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace ƙasa ta sa rigakafinta a jerin na yara. Ƙasar Hausa ta ba da gudummawa a nan. Daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyarta ta bincike, Epicentre, sun gwada wani rigakafi mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500 a Madarumfa ta Jihar Maraɗi, kuma sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya rage zawon rota mai tsanani da kimanin kashi 67 cikin 100. Nijeriya ta shigar da rigakafin rota cikin jerin na yau da kullum a watan Agusta na 2022. Ana ɗiga shi a baki sau 3: a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa.

4.2 Dangin Bakteriya

Bakteriya ta fi bairos girma, tana kuma iya hayayyafa da kanta a abinci ko a ruwa. Kunun da aka dama da safe aka ajiye har la'asar cikin zafi, ko bulumbotin da ba a wanke sosai ba, gona ce a gare ta. Uku ne suka fi shahara a wannan dangi.

Ta farko ita ce ikolai, wadda Theodor Escherich ya bayyana a 1885. Mafi yawan ire-irenta suna zaune lafiya a hanjin kowa, amma wasu suna fitar da dafin da yake sa hanji ya riƙa zubo da ruwa maimakon ya tsotse shi.

Ta biyu ita ce shigela, wadda aka sa wa sunan Kiyoshi Shiga, Bajafanen da ya gano ta a 1897. Ita ce babbar mai haddasa atuni a yara. Tana kutsawa cikin bangon babban hanji ta yi masa gyambo, daga nan jini da majina suke fitowa. Ƙwaya 10 zuwa 100 kacal sun isa su kwantar da mutum, shi ya sa take saurin zagaye gidan haya mai masai ɗaya da buta ɗaya.

Ta uku ita ce ƙwayar kwalara, wadda sunanta na Latin shi ne Vibrio cholerae. Dafinta yana sa bayan gida ya koma kamar ruwan da aka wanke shinkafa da shi, kuma tana iya kashe mutum a yini guda. Annobar da ta taso daga Indunusiya a 1961 ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta shigo Nijeriya a ƙarshen wannan shekara. An yi manyan annobai a 1971 da 1991. A 2021 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Babban Birnin Tarayya yana cikin wuraren da abin ya shafa. Annobar Kano ta 1995 zuwa 1996 tana da darasi na musamman ga gari irin Orozo: binciken da aka yi a kanta ya danganta kamuwa da shan ruwan da ake tallarsa a titi da kuma rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

4.3 Dangin Cima-zaune

Dangi na uku ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya da suke rayuwa a jikin wani, shi ya sa sunan cima-zaune ya dace da su. Daga cikinsu akwai kirifto, wadda ba a tabbatar tana kama ɗan'adam ba sai a 1976. Tana da ɓawon da yake kare ta daga sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwa, don haka tafasawa ta fi tasiri a kanta. Akwai jiyadiya, mai kawo zawo mai kumfa da wari da kumburin ciki. Akwai kuma amiba, mai kawo atuni, amma ba kasafai take kama ƙananan yara ba. Ta fi yawa a manya. Kirifto da jiyadiya suna yawan jan ciwo ya daɗe, kuma zawo mai naci da tamowa suna ciyar da juna: zawo yana ramar da yaro, rama kuma tana buɗe ƙofa ga wani zawon.

5.0 Inda Harshe Yake Shafar Magani

Ko wace ƙwaya ce ta kawo zawo, abin da yake kisa da gaggawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Alamunsa su ne faɗawar maɗiga, da zurmawar ido, da bushewar baki, da raguwar fitsari, da fatar ciki da ba ta saurin komawa idan an tsunkule ta. Maganinsa shi ne haɗin gishiri da sukari da ake narkarwa a ruwa mai tsabta. A 1971 Dakta Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, mace-macen kwalara suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yayata shi a zamaninsa na ministan lafiya, 1985 zuwa 1992. Tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, tare da ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Duk da haka, akwai wurare huɗu da kalmomin da ake amfani da su suke kawo cikas.

5.1 "Ƙwayar Cuta" da "Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta"

Kalma ɗaya, ƙwayar cuta, ita take wakiltar dangi ukun da aka bayyana. Wannan ba aibi ba ne idan ana maganar tsabta, tunda hanyar shigarsu ɗaya ce. Aibin yana bayyana ne a wajen magani. Rukunin magungunan da suke kashe bakteriya kaɗai an saba fassara sunansu da "maganin kashe ƙwayoyin cuta". Wanda aka gaya wa cewa ƙwayar cuta ce ta sa ɗansa zawo, aka kuma gaya masa ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, hankali zai ba shi ya saya. Amma wannan magani ba ya taɓa rota ko kaɗan. Hasali ma yana iya tsawaita zawon, yana kuma koya wa bakteriya jure magani. Misali na kusa shi ne Flagyl, wanda sunansa ya kusa zama daidai da "maganin zawo" a bakin jama'a. Aikinsa a kan amiba da jiyadiya ne. Ba ya kashe rota, ba ya kashe shigela. Ya kyautu a taƙaita fassarar ta koma "maganin bakteriya", domin sunan da kansa ya nuna iyakar aikinsa.

5.2 Zawo da Atuni

A nan Hausa ta riga ta tanadi abin da ake bukata. Zawo mai ruwa haɗin gishiri da sukari da zink yake so. Atuni kuwa yana bukatar ma'aikacin lafiya ya duba yaro ya rubuta maganin bakteriya da ya dace. Haɗarin shi ne mai jin Hausar kasuwa yana iya sanin zawo bai san atuni ba, sai ya kira duka biyun da suna ɗaya. Saƙon da za a yi wa gari irin Orozo ya kamata ya riƙe kalmar atuni, ya kuma bi ta da bayani: zawo mai jini.

5.3 "Ƙarin Ruwa"

A Hausar asibiti, ƙarin ruwa yana nufin wanda ake ɗaurawa ta jijiya. Wannan ya sa ake ganin na sha kamar ba magani ba ne, tunda ba ya tsayar da zawo nan take. Gaskiyar ita ce aikinsu ɗaya, kuma na jijiya na wanda ya galabaita ne ko ya kasa sha. Idan aka ce "ƙarin ruwa ta baki" da "ƙarin ruwa ta jijiya", darajar da kalmar take da ita za ta game duka biyun.

5.4 "Allurar Rigakafi"

Jama'a sun saba haɗa rigakafi da allura, ɗigon baki kuma da shan-inna. Uwar da aka ɗiga wa ɗanta rigakafin rota tana iya ɗauka na shan-inna ne aka maimaita. Daɗin daɗawa, idan aka kira shi "rigakafin zawo" kawai, ranar da yaron ya yi zawon ikolai ko na kirifto za a ce rigakafin ƙarya ne. "Ɗigon rigakafin zawon rota" ya fi tsawo, amma bai yi alkawarin da ba zai cika ba.

6.0 Aron Sunayen Ƙwayoyin

Sunayen da aka yi amfani da su a sama sun bi ƙa'idojin da Hausa ta saba bi wajen aro, irin waɗanda suka samar da asibiti da likita da kwalara. Sautin /v/ yana komawa /b/, kamar a bairos. Sautin /p/ yana komawa /f/, kuma ana saƙa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, kamar a kirifto. Doguwar kalma ana datse ta: Cryptosporidium ta koma kirifto, Escherichia coli ta koma ikolai. Inda Hausa take da kalmar da ta dace, kamar atuni da tamowa da maɗiga da cima-zaune, babu dalilin aro. Ba a bukatar uwa ta haddace sunayen ƙwayoyin duka, amma mai fassara da mai shirin rediyo da malamin makarantar koyon aikin lafiya suna bukatar daidaitattun kalmomi, domin kada kowa ya ƙirƙiri nasa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa zawon yara ba ciwo ɗaya ba ne, alama ce ta ƙwayoyi daga dangi uku: bairos da bakteriya da cima-zaune. Sunayen Hausa masu bayyana kamanni, musamman zawo da atuni, sun dace da rabe-raben likitoci, kuma ya kamata a riƙe su. Masu danganta ciwo da haƙori da shan ciki da yaye sun kama lokacin daidai, amma sun ɓoye dalilin, suna kuma jawo jinkiri a ciwon da yake iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Gyaran ruwa da masai a garuruwan gefen Abuja aikin hukuma ne, magani kuma aikin likita. Amma samar da kalmomin da za a faɗa wa uwa a Orozo ta fahimta ba tare da ruɗani ba, aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin harsunan Nijeriya, tare da haɗin gwiwar ma'aikatan lafiya. Akwai bukatar a tattara sunayen wannan ciwo a Gbagyi da Gwandara, a kwatanta su da na Hausa, domin a san ma'anar da kowane mai magana yake ɗorawa a kan kalmar zawo idan ya furta ta.